Barandar Inna

Mu a Minna ba a zana gida, nuna shi ake yi. Idan Allah ya buɗa wa mutum ya tashi gini, ba ya ɓata lokacinsa wajen masu zane da faffaɗan takardunsu. Magini zai ɗauka ya sa a gaban mota, ko a bayan babur idan buɗin bai kai na mota ba, su shiga gari. Duk inda ya ga abin da ya burge shi sai ya rage gudu ya miƙa yatsa: irin wancan ginshiƙin, irin waccan tagar, rufi kuma irin na can amma a ƙara masa tsawo. Magini yana gyaɗa kai. Kafin la'asar an gama tsara gida ba a taɓa fensir ba. Shi ya sa za ka ga gida a unguwarmu gabansa kotu, kansa coci, ƙofarsa otal, bayansa kuwa ko filasta babu, don ba wanda ya taɓa zagayawa ya ga bayan gidan da ake kwaikwaya. Na daɗe ina yi wa wannan al'ada dariya daga nesa, kafin ta shigo gidanmu.

Gidanmu na Dutsen Kura kakanmu ne ya gina shi bayan ya bar aikin jirgin ƙasa. Aikin ne ya kawo shi garin yana saurayi, ya shekara da shekaru a gidajen ma'aikata na kusa da tasha, da ya tashi yin nasa sai ya yi irinsu: bangon dutse mai kauri, silin can sama, tagogin katako da ake wangalewa gaba ɗaya, sai doguwar baranda a gaba mai dakali, da mangwaro a bakinta. Babu katanga. Shi ma kwaikwayo ya yi, ban ce a'a ba, amma ya kwana a cikin abin da ya kwaikwaya, ya san ta inda iska ke shiga. Gidan ba shi da kyan gani, gaskiya ɗaya ce. Kwanon ya yi tsatsa, fentin ƙarshe da aka shafa masa ina firamare. Sai dai a watannin da rana ke dafa mutanen Minna, idan ka shiga ɗakin Inna sai ka ji kamar ka leƙa cikin randa.

Inna ita ce mahaifiyarmu. Tun da Baba ya rasu, gwiwoyinta kuma suka fara gardama, duniyarta ta tattaru ta koma barandar nan. Da ta idar da sallar walha za ta shimfiɗa tabarma, ta jawo faifan agushi ko na gyaɗa tana ɓara, unguwa kuma ta riƙa wucewa ta gabanta. A nan take jin wa ya haihu, wa ke kwance, wace ta yi yaji, buhun gero nawa yake yau. Mai tallan manja tana ajiye galan ta sha ruwa. Mata biyu da suka yi faɗa a famfo suna zuwa kowacce da nata labarin, Inna ta ba kowacce rashin gaskiya daidai gwargwado, su tafi suna zaginta tare, sun shirya ke nan.

Babbar baƙuwar barandar kuwa aminiyarta ce, wata tsohuwa Bagwariya, Kirista, mai sayar da doya, wadda ke ɗauko kayanta a kafaɗa yadda matansu ke yi. Tun kafin a haife ni suke tare. Kullum idan ta dawo daga kasuwa sai ta dire ƙwaryarta a kan dakali, su zauna suna yi wa juna tsiya. Ita ta ce Inna malalaciya ce da ba ta san hanyar gona ba, Inna ta ce ita kuma shekara da shekaru a cikin Hausawa har yau ba ta san mace ba ta san namiji ba, kowa “kai” ne a bakinta. Da sallah tuwo da nama su tafi can, da Kirsimeti shinkafa ta zo nan.

Yayanmu shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa, ba ta yi masa doguwar magana ido da ido. “Wancan” take ce masa, idan ta ji daɗinsa ta ce “mutumin naku”. Ban taɓa jin ta ce “ɗana” ba. Saƙonta gare shi ta hannuna yake bi, ni ce auta, ni ce kuma bakina ba shi da linzami.

Yaya ya tafi Abuja ya samu. Wata rana da Yaya yana gida, wani abokinsa ya zo daga can don ya gaida Inna, ya yi ta wuce gidan yana dawowa, da ƙyar ya yarda nan ne. Da ya sauko sai ya ce, cikin raha, shi ya ɗauka tsohon asibitin sha-ka-tafi ne. Yaya ya yi dariya fiye da kowa. Na san dariyar, irin wadda mutum ke yi ce idan an taka masa ƙafa a gaban surukai. Ba a yi wata ba ya zo da maganar gyaran gida.

Inna ba ta hana ba. Bayan ya fita ta kira ni.

“Ki gaya wa wancan ya yi abin da zai yi, gidan ubansa ne. Barandata kawai ya bar mini.”

Na kai saƙo kamar yadda aka ba ni. Yaya ya dafe ƙirji.

“Baranda? Wallahi sai na yi wa Inna barandar da babu irinta a duk Dutsen Kura.”

Ranar yawon nuni ya matsa sai an tafi da ita, wai ta zaɓa da kanta. Shi ke tuƙi, a gefensa wani magini mutumin Kagara, ni da Inna muna baya. Maginin nan magana ɗaya ya iya a duniya: “Ƙaramin aiki ne, Alhaji.” Na tabbata da Yaya ya nuna masa gajimare haka zai ce.

Daga Tunga muka fara. Wani gini mai shuɗin gilashi daga sama har ƙasa, masu keke suna wucewa suna ganin fuskokinsu a jiki, Yaya ya ce irin tagogin nan yake so. Ƙaramin aiki ne. Muka wuce wani ofishin gwamnati mai farare-fararen ginshiƙai, kowanne da furanni a kansa kamar an ɗaura masa gwaggwaro. Yaya ya ce su ma. Wani sabon coci mai rufi tsololo, Yaya ya rage murya don kada Inna ta ji daga ina rufinta zai fito, ya nuna shi da haɓa. A unguwar manya ba mu ga gida ko ɗaya ba sai katanga, don haka katangar ya zaɓa. Sai wani otal, wanda a goshinsa aka maƙala wata 'yar baranda mai zagaye, da ƙarfen kariya mai ƙyalli yana kashe ido. A nan Yaya ya tsayar da mota gaba ɗaya. Ya daɗe yana kallo bakinsa a buɗe.

Daga nan hanya ta bi da mu ta tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgi. Ni ina son wurin nan, ko da yake ba wanda ke kawo magini ya nuna masa su. Rufinsu ya yi ja don tsatsa, wasu tagogin an toshe su da kwali, amma barandunsu suna nan da faɗinsu, kuma kowacce da mutane a cikinta: nan tela da kekensa, can ana yi wa wata kitso, gaba wani tsoho yana barci da rediyo a ƙirji. An gina su ne don mutum ya zauna, ba don mai wucewa ya yi salati ba.

Inna ta dafa gilashin mota ta ce da ni, “Kin ga inda kakanku ya zauna. Dubi inuwarsu.”

Yaya ya ce, “Kangaye ne, Inna. Da ma a rushe su a huta.”

Magini ya ce, “Ƙaramin aiki ne, Alhaji.”

Da aka fara aiki Inna ta koma wurina a Tunga, a gidan haya na sama. Yaya ya kewaye gidan da kwano ya hana kowa leƙawa, wai so yake ya ba ta mamaki. Watannin nan ta yi su a bakin tagata tana kallon kawunan 'yan acaɓa, ba ta san kowa ba, ba wanda ya san ta. Abin da ke riƙe da ita shi ne za ta koma. Kullum sai ta lissafa mini wa da wa za ta fara aika wa su zo.

Ranar da aka buɗe gida, gani ya kori ji. Katanga ta fi ta gidan yari tsawo, da waya mai ƙaya a kanta, da baƙin get mai zanen zaki. Mangwaro an sare shi, don yana tare fuskar gini. Tsakar gida an malale ta da siminti, ko ciyawa ba ta da inda za ta tsaya. Ginshiƙai kuwa ga su nan reras da gwaggwaronsu. Na ƙwanƙwasa ɗaya, ya amsa mini kamar ganga, ashe kallon kitse muke yi wa rogo: ba abin da suke ɗauke da shi, su ma jingina suka yi da bango. An lulluɓe dutsen kakanmu da tayil irin na banɗaki, amma ta gaba kawai. Rufi ya tafi sama kamar zai kai ƙara wajen Ubangiji, ya fi gidan kansa tsawo. Tsohuwar baranda an toshe ta da bulo ta zama falo, dakali ya tafi.

Inna ta tsaya da sandarta tana dube-dube. Ba ta tambaye shi ba, ni ta kalla. Ni na tambaya.

“Yaya, ina barandar?”

Fuskarsa ta washe, wannan tambayar yake jira tun safe. Ya ja mu baya har bakin get, ya ɗaga hannu sama.

Can a goshin rufi, tsakanin kawunan ginshiƙai, ga barandar otal ɗin nan an ɗauko ta sak, da zagayenta da ƙarfenta mai ƙyalli. Har da tukwanen furannin roba. Kyakkyawa ce, ba zan yi ƙarya ba. Na shiga ciki ina neman matattakala, na leƙa falo, na leƙa lungu, na leƙa bayan kicin. Na fito na sake ɗaga kai. Bayan barandar bango ne shafaffe, an yi masa zanen ƙofa da fenti.

“Ta ina ake hawa?”

“Wannan sai kashi na biyu,” in ji Yaya. “Cikin rufin nan za a yi ɗaki, a sa matattakala, a fasa ƙofa. Yanzu dai an fitar da fuskar gida.”

Maginin yana gefe yana murmushi. Shi ba shi da laifi a ganinsa: daga titi aka nuna masa, abin da ake gani daga titi ya yi.

Na ce, “Yaya, Inna tantabara ce?”

Ya ɓata rai. “Ke matsalarki baki. Me ban yi mata ba? Ga esi, ga talabijin, ga kujerun da ko a Abuja sai an tona. Uwata ta gama zaman bakin titi kamar mai tallan ƙosai.”

Da gaske yake, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ba rowa ya yi ba, ba mugunta ba. Idanunsa har sun kawo ruwa, yana satar kallon Inna ko za ta ce wani abu. Na ji tausayinsa, amma haushin ya fi yawa. Inna ta ce, tana kallon sandarta, “An gode. Allah ya yi albarka.” Ta shige ciki a hankali, don tayil ɗin yana da santsi.

Kashi na biyu kuwa kowa a Minna ya san shi. Shi ne rodin da ke tsaye a kan rabin gidajen garin yana tsatsa, yana jiran benen da ’ya’ya za su gada su ma su jira.

Zama ya fara. Tagogin shuɗin gilashi rabi suke buɗewa, ɗaya ya zuge ya hau kan ɗaya, iskar da ta samu tsallake katanga sai ta tarar da ƙofa rabi. An sauke silin an yi masa hawa-hawa da ƙananan fitilu, zafi ya samu wurin zama kusa da kan mutum. Esi yana aiki idan akwai wuta, mu kuwa da ake yi wa kirari da jihar wutar lantarki mun fi kowa sanin duhu. Janareta yana nan, amma Inna ta ce ƙararsa tana shiga mata haƙori. Ƙararrawar get ma da wuta take aiki. Mutum zai zo ya danna, ya buga ƙarfe har hannunsa ya yi zafi, Inna tana can ciki bayan gilashi da kunnenta da ya fara nauyi, ya gaji ya tafi.

Aminiyarta ta zo haka ta koma ba sau ɗaya ba. Rannan na ci karo da ita a bakin get na shigo da ita. Ta tuɓe takalmi tun daga waje, ta taka tayil kamar mai tsallaka rafi, ta zauna a bakin kujera ba ta jingina ba, ƙwaryar doyarta a cinya don ta rasa inda za ta dire ta.

“Inna, dan ka ya yi kokari,” in ji ta, tana kallon fitilun silin. “Gidan ka ya zama banki. Ni ba ya da akawun a nan.”

Suka yi dariya, amma tsiyar ba ta kama ba. Ba a iya zagin aminiya a kan kujera mai leda. Ba ta daɗe ba ta tashi, kuma ba ta sake shigowa ba.

Ina zuwa duk bayan kwana biyu idan na tashi daga makarantar da nake koyarwa, ina ganin Inna tana raguwa. Ba ciwo ba, likita ya duba bai ga komai ba. Abinci sai ta taɓa ta ture. Sai in same ta zaune gaban talabijin a kashe, faifai a gefe babu komai a ciki. Wata maƙwabciyarmu da suka yi zaman shekaru ta rasu da safe, aka yi mata sutura aka kai ta, Inna ba ta ji ba sai washegari daga bakina, ni da ke Tunga. Gida uku ne tsakaninsu. Ranar ta yi kuka irin wanda ban ga ta yi ba tun rasuwar Baba, ba don mutuwar kaɗai ba. Ta ce, “Ina raye aka ɗauke ta ta ƙofata ban sani ba.”

Bayan an share makoki na zo na tarar da get a buɗe. Inna ta jawo tabarmarta da kanta, da sanda da komai, ta shimfiɗa a waje, a jikin katanga, tsakanin get da kwata. Inuwar wurin ba ta fi faɗin zani ba, tana kuma tafiya da rana, sai an riƙa jan tabarma ana binta. Ga faifai cike da agushi. Ga ƙwaryar doya a ƙasa, ga mai ita ta miƙe ƙafa tana gaya wa Inna cewa ta yi ƙiba a banki.

Labari ya kai Abuja kafin magariba. Yaya ya kira ni yana huci.

“Mutane za su ce me? Na gina mata gida irin wannan tana zama a bakin kwata? Ki ce mata ta koma ciki!”

Na kai saƙo. Inna ba ta ɗaga kai daga faifai ba.

“Ki ce masa ranar da aka fasa ƙofar sama zan hau.”

Haka aka ci gaba. Gidanmu kuma ya yi suna. Yanzu mu ake zuwa nunawa. Duk ƙarshen mako sai ka ga mota ta rage gudu, yatsa ya fito ta taga, magini yana gyaɗa kai. Zakin get ɗinmu ya haihu a unguwanni da dama.

Wata Asabar ina zaune tare da su a bakin katanga, wata mota ta tsaya. Wani mutum ya fito, sa'an Yaya, da shadda mai maiƙo, da magininsa a baya. Ya yi mana sallama a gajarce, irin wadda ake yi wa masu talla, ya ce ko tsofaffin za su ɗan matsa ya ɗauki hoton gidan. Na buɗe baki, Inna ta taɓa gwiwata. Suka ja tabarma suka shiga rana.

Ya ɗauki get, ya ɗauki ginshiƙai, sannan ya ɗaga kai ya ga baranda. Tantabaru sun jeru a kan ƙarfen, sun yi wa furannin roba ado da abin da suka saba.

“Kai!” in ji shi. “Irin wannan zan yi wa tsohuwata.”

“Ƙaramin aiki ne,” in ji magininsa. Ba namu ba ne, wani ne daban, amma makarantarsu ɗaya.

Mutumin ya juyo wajen Inna. “Mama, kin san masu gidan nan? Duk wadda aka yi wa barandar can ta more.”

Inna ta kakkaɓe ɓawon agushi daga zaninta. Ta gyara zama, ta ɗaga kai ta dubi abin da yake nunawa.

“Tawa ce,” ta ce. “Ɗana ne ya yi mini.”

Ban taɓa jin kalmar a bakinta ba sai ranar, a bakin kwata, ga baƙon da ya tashe ta daga inuwa. Na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Mutumin ya daburce, ya rusuna ya sake gaisuwa, wannan karon cikakkiya. Don ya gyara ɓarnarsa ya ce, “Ikon Allah! Mama, daga can sama ai ana hango garin gaba ɗaya ko?”

“Sai ka tambayi tantabaru,” in ji Inna. “Ni ma daga nan nake kallonta.”

Da motar ta tafi, ta kama gefen tabarma, aminiyarta ta kama ɗaya gefen, suka ja ta suka koma inda inuwar ta rage.